Zauren Neman Aiki: An Yi Intabiyu, Sai Kuma Me?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, an shiga intabiyu an fito, to sai me? Na zaɓi biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma datse gaisuwar da ta yi tsawo.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni malami ne a wata kwaleji a Jos, kuma ni aka ɗora wa shirya 'yan ajin ƙarshe kan neman aiki kafin su tafi bautar ƙasa. Rubuta CV da amsa tambayoyi muna koya musu daidai gwargwado. Inda nake rasa abin faɗi shi ne bayan nan. Yaro zai ci bashin kuɗin mota ya je Abuja, a yi masa tambayoyi, ya dawo ya zauna yana kallon waya. In na ce me ya hana ka tuntuɓe su, sai ya ce yana jin nauyi. Awa biyu aka ba ni. Me zan koya musu? Daga wani malami, Farar Gada, Jos.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Awa biyu ta isa, in dai ba a cinye rabinta da jawabin maraba ba.

Fara da gaya musu abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa, domin rashin saninsa ne ke sa yaro ya zauna yana zargin kansa, ko yana zargin wani ya yi masa ƙafar ungulu. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata a nan Abuja, kuma ni ce mai tattara takardun maki in 'yan kwamiti sun tashi. Ranar da aka gama intabiyu ba a ɗaukar kowa. Kowane ɗan kwamiti zai miƙo takardarsa, a haɗa maki, a rubuta rahoto da sunan na ɗaya da na biyu da na uku, a sa a fayil a kai teburin oga. Oga kuwa ƙila yana Legas, ƙila ya tafi Umara, ƙila yana nan amma fayil ɗin ya kwanta ƙarƙashin wasu goma. In ya sa hannu, akanta ya duba ko kuɗin gurbin yana cikin kasafin bana. Sannan a kira waɗanda mai neman aikin ya ce za su ba da shaida a kansa. Sannan a ba na ɗaya takarda, a ba shi 'yan kwanaki ya yi shawara. Duk tsawon lokacin nan ba a ce wa na biyu uffan, ana ajiye da shi ne ko na ɗaya zai ƙi. Na sha ganin na biyu shi ya zauna a kujerar. Shirun mako biyu ko uku ba hukunci ba ne.

Sai batun jin nauyi, wanda a ganina shi ne asalin ciwon. Mun taso an koya mana ba a tambayar babba “yaushe”, kuma wanda ya je neman alfarma ba ya tuni. A zauren gida tarbiyya ce mai kyau. Amma kamfani ba alfarma yake yi wa yaro ba. Gurbi ne ya zama babu kowa, aiki ya tsaya, suna neman wanda zai yi su biya shi. Wanda ya ɗauka taimakonsa za a yi, ko dai ya yi gum, ko ya koma magiya, kuma babu wanda ke fisshe shi a cikin biyun. Wanda ya san ciniki ake yi yana tambaya cikin ladabi ba tare da kunya ta shaƙe shi ba.

Tun a cikin ɗakin ake farawa. In an ce “kana da tambaya?”, kada ya ce babu. Ya tambayi abin da zai biyo baya, da lokacin da suke sa ran yanke shawara, da wanda zai tuntuɓa. Ya riƙe sunan wanda ya jagoranci zaman. In bai ji sosai ba, ya tambayi mai karɓar baƙi a hanyar fita. Kafin motar Jos ta kai Keffi ya rubuta a littafi: kwanan wata, sunan wurin, gurbin, tambayoyin da aka yi masa, da ranar da aka ce za a kira. Wanda ya nemi wuri ashirin bai rubuta ba, ranar da aka kira shi sai ka ji yana cewa “wane kamfani ke nan?”

Washegari ya tura saƙon godiya ta hanyar da aka gayyace shi, in imel ne imel, in tes ne tes. Da Turanci yawancinsu za su rubuta, amma ga yadda ma'anar za ta kasance:

“Barka da aiki. Ni ne wane, na zo intabiyun mataimakin akanta jiya Talata. Na gode da lokacin da kuka ba ni. Bayanin da aka yi kan sabon reshenku ya ƙara min sha'awar aikin, domin irin lissafin kayan sito da na yi lokacin koyon aiki ke nan. In akwai wata takarda da kuke buƙata, a shirye nake in turo.”

Shi ke nan. Ban da labarin mahaifin da ya rasu, ban da ƙannen da ke jiran kuɗin makaranta. Mu ma mutane ne, tausayi yana kama mu, amma takardar maki ba ta da gurbinsa. Kada kuma ka yi musu alkawarin da saƙon ba zai cika ba: ba ya ɗaga wanda ya faɗi. Amfaninsa yana fitowa ne in mutum biyu sun yi kunnen doki, sai a tuna da wanda ya nuna zai iya rubuta layi huɗu masu tsabta, tunda irin rubutun da zai riƙa yi wa ofis ke nan.

Tuni kuma sai ranar da aka ɗibar masa ta wuce da kwana biyu ko uku na aiki. Saƙo ɗaya, gajere: ga sunana, ga ranar da na zo, ina tambayar inda aka kwana. In shiru, ya ƙara ɗaya bayan mako guda ko kwana goma. Daga nan ya ɗauka babu, ya ci gaba da nema, in kira ya zo daga baya alhamdulillahi. Duk wannan a lokacin aiki, ba bayan isha'i ba, ba Asabar da asuba ba. Ban da filashin, ban da saƙon murya na minti biyar, ban da hoton furanni na barka da Juma'a duk mako ga matar da sau ɗaya ka taɓa ganin ta.

Ka ware minti ashirin don waya kaɗai, domin a nan na ga an fi yin asara. Za ka kira lambar da ke kan CV ka ji ta a kashe, an ɗauke wuta tun jiya. Ko ƙani ya ɗauka ya ce “ba ya nan” ya katse. Ko shi kansa ya ɗauka a tsakiyar kasuwar Taminus, ana hon ana ciniki, ya daka maka “wa ke magana?” Mai kiran nan yana da jerin sunaye a gabansa, in ya gwada sau biyu ya gaji sai ya gangara na ƙasa. Su koyi cewa “barka da rana, ni ne wane, ina cikin hayaniya, a ba ni minti biyar in kira.” Su sa lamba ta biyu ta wani babba mai natsuwa. Su duba sunan da Truecaller, manhajar nan mai nuna sunan mai lamba, ke nuna su da shi, da hoton da ke kan WhatsApp ɗinsu, su kuma buɗe imel mai ɗauke da sunansu na yanka, ba laƙabin da 'yan majalisa suka sa musu ba. Kuma su riƙa leƙa imel ɗin kullum, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa.

Akwai wanda ya shafe ku malamai. Ɗalibi zai rubuta sunan malaminsa a matsayin mai ba da shaida bai gaya masa ba, mu kira, malam ya ce bai tuna shi ba. Ka ce su nemi izini tukuna, su tura wa mutum CV ɗinsu, su sanar da shi duk lokacin da suka je intabiyu. Waɗanda suka yi SIWES, shirin nan na koyon aikin ɗalibai na hukumar horas da ma'aikata ta ITF da hedikwatarta ke nan Jos kusa da ku, su riƙe lambar wanda ya duba su a wurin koyon aikin. Shaidar wanda ya ga hannun yaro a kan aiki ta fi ta wanda ya ga takardar jarrabawarsa nauyi a wurinmu.

Awa ta biyu kada ka yi lacca. Raba su bibbiyu, ɗaya ya zama jami'in ɗaukar aiki ya kira ɗaya a gaban aji, a yi dariya a gyara. Kowa ya rubuta saƙon godiya a wayarsa cikin minti goma ya karanto. Sannan ka raba musu takardar ɗaukar aiki ta gwaji wadda ka dasa wa tarko da gangan, su nemo. Tarkunan suna cikin amsar da na ba ɗan Gangare a ƙasa.

TAMBAYA: Anti, ina wuni. Na yi intabiyu a wata ƙungiya mai zaman kanta a Wuse 2, yau mako uku shiru. Mama ta ce kawuna ya san wani a wurin, a bari ya kira. Ni kuma ina ganin in je da kaina, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. Wanne zan yi? Daga wata 'yarki, Lugbe.

AMSA: 'Yata, ajiye kuɗin motarki. In kin je ba a gayyace ki ba, iyakarki wurin mai gadi ko kujerar baƙi, jami'ar kuma ta fito ta ce miki “za mu neme ki”, domin ba ta da izinin faɗin abin da oga bai sa wa hannu ba. Tura imel yau, layi uku, ki jira mako guda.

Batun kawu kuwa, ba zan yi miki ƙarya in ce a Abuja ba a bin hanya ba, kowa ya san wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Amma ki duba irin kiran. In kawu ya san aikinki, ya ce wa abokinsa “yarinyar nan na san ta, mai riƙon amana ce”, shaida ce, ba laifi. In kuwa kira ne na “a duba min ita”, to irin waɗannan ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin masu ba da tallafi sukan sa 'yan kwamiti su bayyana a rubuce ko suna da alaƙa da mai neman aiki, kuma masu binciken kuɗi suna bin fayil ɗin. Kiran yana iya sa wanda ya so ki saboda makinki ya janye hannu don kare kansa. Ki lallaɓa Mama ta ba ki mako biyu.

TAMBAYA: Hajiya, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Jos shekara ɗaya da rabi, albashina 70,000. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Idu, Abuja, ya kira ni a waya, wai an ɗauke ni jami'in sito, 250,000 a wata, in fara ranar Litinin. Ina da ɗan'uwa a Mararaba da zan zauna wurinsa. In ajiye aikina gobe? Abokina kuma ya ce in nemi ƙari, ni ko ina tsoron kada su fasa. Daga ɗanki, Gangare, Jos.

AMSA: Ɗana, barka, Allah ya sa alheri ne. Amma kada ka saki reshe ka kama ganye. Kiran waya ba ɗaukar aiki ba ne. Ka mayar da kira ka yi godiya, ka ce a turo maka takardar ɗaukar aiki ta imel, mai ɗauke da sunan kamfani da sa hannun mai iko, ka kuma nemi kwana biyu ko uku ka karanta. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce “zo ka fara, takarda daga baya”, ka yi hattara da shi. Gaskiya ne sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ɗaukar aiki har wata uku ya bayar da sharuɗɗa a rubuce, amma kai da za ka bar gari ka bar aiki ba za ka yi cinikin biri a sama ba. Kafin takardar ta iso, ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka kuma sa ɗan'uwanka ya je Idu ya ga ginin da idonsa.

In ta iso, ga abin da za ka nema a ciki. Sunan muƙamin da wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Wurin aiki, da ko suna iya tura ka wani gari. Awa nawa, kuma ko har da Asabar, don aikin sito kan ci Asabar. Lokacin gwaji, wata uku ne ko shida, da ko cikakken albashi ake biya a cikinsa. Hutun shekara. Inshorar lafiya, wadda dokar NHIA ta 2022 ta wajabta. Notis na barin aiki daga ɓangarorin biyu. Sai babbar tambaya: 250,000 ɗin nan kafin a yanka ne ko bayan an yanka, kuma tsayayye ne ko wani kaso kamasho ne da sai an cika wani adadi?

Bari mu yi lissafi a kan cewa kafin a yanka ne. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8, kamfani ya sa aƙalla kashi 10, a kan albashin asali da kuɗin gida da na mota. In duka kuɗin naka a nan suka faɗa, 20,000 sun tafi asusun fanshonka. Ka tabbata kashi 10 na kamfani daga aljihunsu yake, ba a cikin naka aka cusa shi ba. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne. Kai za ka biya wajen 24,500 a wata, ko ƙasa da haka kaɗan in ka nuna shaidar biyan haya. Abin da zai faɗo a asusunka wajen 205,000 ke nan.

Yanzu Mararaba. Ban sani ba ko ka taɓa kwana a can, amma Mararaba tana gabas, a jihar Nasarawa, Idu kuwa can yamma take. Kullum sai ka ratsa gosulon Nyanya zuwa AYA, ka keta gari, ka sake hawa wata mota. Mai son isa ƙarfe takwas daga sallar asuba yake wucewa bakin titi. Mu ce 3,000 a rana zuwa da dawowa, kwana 22, 66,000 ke nan, ba a yi maganar abincin rana ba. Saura bai kai 140,000 ba. Ka zauna wurin ɗan'uwa wata ɗaya ko biyu, amma idonka ya kasance a kan Karmo, Gwagwa ko Dei-Dei, waɗanda ke kusa da Idu. Ka kuma sani hayar Abuja ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai.

Duk da haka, in takardar ta fito da kyau, ni zan ce ka karɓa. Dubu saba'in ɗin da kake ɗauka daidai take da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kuma makarantun kuɗi ba su cika ɗaga malami nesa da nan ba. Aikin sito kuwa, in ka iya lissafin shige da ficen kaya a kwamfuta, ana neman mai shi.

Neman ƙari ba ya sa a fasa, in an yi shi sau ɗaya, cikin ladabi, bayan takarda ta zo, kuma da dalili. Ka ce: “Na gode, ina son aikin nan. Tasowa zan yi daga Jos, na yi lissafin haya da mota, ko akwai halin a kai 280,000?” Sai ka yi shiru ka bar su su amsa. Kada ka ce abokina ya ce, kada ka ƙirƙiri wani kamfani da ba ya neman ka. In sun ce ma'auninsu ke nan, ka tambayi abin da ya fi musu sauƙi: motar ma'aikata, ɗan kuɗin tasowa, ko a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan lokacin gwaji. Kalmar “a rubuta” ita ce mai muhimmanci, domin ogan da ya yi maka alkawarin baki yana iya barin wurin kafin wata shida. In sun ƙi duka, kai za ka yanke, amma ba ka rasa komai ba.

Abu biyu da ba a sassauci a kansu. Kada ka miƙa takardun makarantarka na asali a ajiye maka. A gani, a ɗauki kwafi, a ba ka abinka. Kada ka biya ko sisi da sunan fom, horo ko yunifom kafin ka fara. Fom ɗin masu tsaya maka kuwa al'ada ce a aikin da ake riƙe kaya, amma wanda zai sa hannu ya karanta ya san abin da ya ɗaukar wa kansa in kaya sun ɓata.

Litinin ɗin nan ba za ta yiwu ba, ka gaya musu. Doka ta ce wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba notis ɗin mako guda ne, amma ka duba takardar da ka sa wa hannu a makarantar, sau da yawa wata guda ake rubutawa, kuma ita za a bi. Ka rubuta takardar ajiye aiki, ka miƙa makin yara da littafin darasi ga wanda zai gaje ka. Mai makarantar nan wata rana shi za a kira a tambaya yaya ka bar su.

TAMBAYA: Anti, wani mutum ya ce zai samo min gurbi a wata hukumar tarayya, in ba da miliyan ɗaya da rabi, rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Har ya nuna min ta wani da ya samar wa. Baba yana shirin sayar da fili. Daga ƙaninki, Kubwa.

AMSA: Ƙanina, ka riƙe hannun Baba. Buga takarda mai tambarin gwamnati ba ya gagarar duk mai kwamfuta. Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya ba ta karɓar kuɗi, kuma takarda ba ta zama aiki sai an tantance ka an sa ka a tsarin biyan albashi. A nan ta bogi ke tonuwa, wani lokaci bayan mutum ya yi watanni yana sa hannu a rajista. Cinikin guraben nan ba ɓoyayyen abu ba ne, a 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi, ɗan majalisa daga Filato, ya zauna a kansa, an ji mutanen da suka biya. Ka kuma sani a dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, mai bayarwa ma ya yi laifi, shi ya sa waɗanda aka damfara ke haɗiye abin su yi shiru. In an buɗe ɗaukar aiki na gaskiya za a sanar, ka cika fom kyauta, in ka dace mai digiri a matakin albashi na 08 yake farawa. Filin Baba ya zauna inda yake.

TAMBAYA: Hajiya, na sa hannu a takardar wani asibitin kuɗi a Gwarimpa, aikin ɗakin gwaje-gwaje, zan fara mako mai zuwa. Jiya sai ga wani wurin da na fi so ya turo tasa, da albashi mafi tsoka. Ina jin kunyar na farkon. In kashe waya kawai? Daga 'yarki, Dutsen Alhaji.

AMSA: A'a, 'yata, kashe waya shi ne mafi muni. Masu ɗaukar aiki a asibitocin Abuja sun san juna, yau wannan yana nan gobe yana can, kuma suna tuna wadda aka shirya wa wuri ba ta zo ba.

Ki fara auna bambancin da gaske, bayan an yanka fansho da haraji da kuɗin mota, da kwanan aiki nawa kowanne zai sa ki. In tazarar 'yar kaɗan ce, ni a wurina alkawari ya fi ta, ki zauna inda kika sa hannu. In kuwa babba ce, ko na biyun zai koya miki abin da na farko ba zai koya ba, ki duba abin da takardar da kika sa wa hannu ta ce kan notis, sannan ki kira su yau ba gobe ba. Ki ce kin samu wani gurbi da ya fi dacewa da ke, kina ba da haƙuri, kin ga gara ki faɗa tun kafin ki fara. Ki bi kiran da imel. Za su ji ba daɗi, wataƙila a yi miki magana mai ɗaci, ki haɗiye. Amma suna da ta biyu a ajiye, kuma mako guda ya ishe su su kira ta.

Ga masu irin wannan a gaba: in wuri ɗaya ya ba ki takarda alhali kina jiran wani, ki nemi kwana uku zuwa biyar kafin ki sa hannu, ki rubuta wa wanda kike jira cewa an ba ki aiki a wani wuri, ga ranar da za ki ba da amsa, amma su kika fi so. In suna son ki da gaske, fayil ɗin da ya kwanta a teburin oga a ranar zai tashi. Kada dai ki sa hannu a ta biyun sai kin karanta ta layi bayan layi kamar yadda na gaya wa ɗan Gangare.